Classic, ProSeal ko i-gel: wacce ta dace da ɗakin tiyatar karkara?

Nas_Ringim: Assalamu alaikum manya da abokan aiki. Ina neman ra'ayinku kan na'urorin numfashi da ke zama a saman maƙogwaro ba tare da sun ratsa igiyoyin murya ba, waɗanda muke yi wa kuɗin goro mu ce LMA. A ɗauka asibitin ƙaramar hukuma ne: ɗakin tiyata ɗaya, nas mai sa barci ɗaya ko biyu, oksijin daga kwansantireta, injin tace shi daga iska, da silinda ɗaya ta ajiya. Aikin yau da kullum kuma gwaiwa, wankin ciki, fasa maruru, gyaran karaya da tiyatar haihuwa. Kuɗin da ake ware wa sashen ba zai sayi kowane iri ba. Me za a sa a gaba, LMA Classic mai wankuwa, ProSeal, Supreme ko i-gel? Ni dai a ganina i-gel ta gama magana, tunda ba hura iska, ba neman sirinji, turawa kawai ake yi.

Baba_Anas: Wa alaikumus salam. Kafin a zaɓa, a raba su gida biyu tukuna.

Gidan farko su ne masu bututu ɗaya tal, na numfashi. Uwarsu ita ce Classic, wadda Dakta Archie Brain na Ingila ya ƙirƙiro, ta shiga kasuwa a 1988. Da roba mai laushi ta silikon aka yi ta, tana da kof, wato zoben da ake hura wa iska ya rungume bakin maƙogwaro. Riƙonta, wato matsin iskar da take jurewa kafin ta yi yoyo, yakan tsaya ne wajen santimita 20 na ruwa. Idan ka matsa jakar numfashi fiye da haka, iska za ta fara tsiyaya ta baki, wata kuma ta gangara tumbi ta kumbura shi. Tumbin da ya kumbura kuwa shi ke turo abin da ke cikinsa sama, kuma Classic ba ta da hanyar da za ta fitar da shi waje.

Gida na biyu su ne masu ƙarin bututu da ke buɗewa a bakin maƙoshi, hanyar abinci. ProSeal ta fito a 2000, riƙonta kan kai wajen 30. Supreme da i-gel sun biyo baya a 2007, riƙonsu galibi yana tsakanin na Classic da na ProSeal. Amfanin bututun na biyu uku ne: abin da ya taso daga ciki ya samu mafita, iskar da ta zame kada ta taru a tumbi, sannan kana iya zura siririn tiyo ka zuƙe cikin.

Amma ɗana, ka riƙe wannan: babu ɗaya daga cikinsu da ke tsare huhu kamar tub mai kof da ya shiga maƙogwaro. Gida na biyu sun rage haɗarin ne kawai.

Sista_Bahaɗejiya: Baba ya faɗi gaskiya, amma ina bayan Nas_Ringim. Wurin da mai sa barci shi kaɗai ne, mai taimaka masa kuma ba lallai ya taɓa riƙe muƙamuƙi ba, abin da ke shiga cikin sauri da ƙarancin matakai shi ya fi. Ga lambobin i-gel da launinsu don mai son rubutawa a bango: lamba 3 ruwan ɗorawa, kilo 30 zuwa 60, lamba 4 koriya, kilo 50 zuwa 90, lamba 5 ruwan lemo, sama da kilo 90. Ta yara: 1 kilo 2 zuwa 5, 1.5 kilo 5 zuwa 12, 2 kilo 10 zuwa 25, 2.5 kilo 25 zuwa 35.

Ana shafa man santsi na K-Y a bayanta da gefunanta da ɗan gaban, ba a cika kwarminta da shi ba. A ɗaga kai kaɗan a miƙe wuya, a danna haɓa ƙasa, a bi da ita ta ganɗa a hankali har a ji ta tsaya cak. A babba, baƙin layin da ke jikin wurin cizo ya zo daidai haƙoran gaba. Idan layin yana can waje da nisa, ba ta kai ba. Idan ya nutse cikin baki, ta yi ƙanƙanta. Yatsa ba ya shiga bakin majiyyaci ko kaɗan.

MaiSito_Gwarzo: Sista, ku a tiyata kuke gani, mu a sito muke gani. i-gel da Supreme amfani ɗaya ne a jefar. Kwalin da ya zo yau zai ƙare, kuma lamba 3 da 4 ne ke fara ƙarewa a bar ku da tulin lamba 5 da ba kowa ke cika ta ba. Kafin takarda ta bi ofis-ofis a kawo wani daga Kano ko Dutse, me za a sa wa mutane? Classic ɗaya an yarda a yi amfani da ita sau 40. A lissafa kuɗin i-gel 40 a ajiye kusa da kuɗin Classic ɗaya, sannan a yi magana. Idan kuma majiyyaci za a ce ya sayo, to an ƙara wa manomi nauyi a kan kuɗin zare da ruwan ƙari.

Hajiya_Otokilab: Sau 40 ɗin nan da sharaɗi ne, Malam MaiSito, kuma sharaɗin ne ake yawan karyawa. Classic da ba a kula da ita ba ko sau goma ba za ta kai ba.

Da an cire ta a wanke nan take kafin majina ta bushe, da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, a zura siririn buroshi ta cikin bututun daga ƙasa, a yi hattara da 'yan sandunan nan biyu da ke bakin kwarmin. Kada a tsoma ta a Cidex ko aidin ko wani ruwan kashe ƙwayoyi mai ƙarfi. Silikon yana shanye su, daga baya ya sake su a maƙogwaron mutum ya ƙona shi. Kada ruwa ya shiga bawul ɗin hura iska. Daf da sa ta a otokilab, injin dafa kaya da tururi, a zuƙe iskar kof ƙaf da busasshen sirinji. Ɗigon ruwa ko 'yar iskar da ta rage za ta faɗaɗa a cikin zafi ta fasa kof ɗin ko ta karkatar da shi. Zafin tururi digiri 134, tsawon lokaci kuma a bi takardar kamfani da irin injin da ake da shi. Tanda mai busasshen zafi ba wurinta ba ne.

Kafin kowane amfani a gwada abu huɗu. A lanƙwasa bututun har kansa biyu su kusa haɗuwa, idan ya karye ya toshe, ta mutu. A duba ko bututun ya dusashe har ba a ganin cikinsa. A zuƙe iska a ga ko kof ya sake cika da kansa, alamar bawul ya lalace. Sannan a hura fiye da ƙa'ida da rabi, misali mil 45 a lamba 4, a duba ko yana yoyo ko gefe ɗaya ya fi kumbura. Kowace tana da lambar jikinta, a buɗe mata kati a riƙa sa alama. ProSeal ma haka, sai dai tana buƙatar ƙaramin buroshi dabam na bututun ciki, kuma mai jan marfi a bawul ana buɗe marfin kafin a dafa.

Ɗan_Kazaure: Hajiya, a faɗi gaskiya, wurare da yawa wanke i-gel ake yi a sake sawa. Da babu ai gara ba daɗi. Mene ne laifin?

Hajiya_Otokilab: Laifin a cikin siririn ramin cikin nan yake, ƙanena. Ba buroshin da zai tabbatar maka ya fita tas, kuma nan ne ruwan tumbi da jini ke maƙalewa. Ba a kuma yi robar don ta jure otokilab ba. Abin da ya rage sai jiƙawa a ruwan bilic, wanda ba ya ratsa busasshiyar majina, idan kuma ba a ɗauraye sosai ba ya ƙona maƙogwaro. Muna cikin jama'ar da ciwon hanta da tarin fuka ba baƙi ba ne. Wanda ya san wankewa zai yi, ya sayi wadda aka ƙera don wanki tun farko.

Likitan_Ƙauye: Ina ganin muna auna na'ura mun bar majiyyaci. Mafi yawan masifar da ke biyo bayan LMA daga zaɓen wanda aka sa wa take fitowa. Babban binciken da aka yi a Birtaniya, NAP4, wanda aka fitar a 2011, ya nuna shigar abin cikin tumbi cikin huhu shi ne kan gaba wajen mace-macen da suka shafi hanyar numfashi a lokacin sa barci, kuma da yawa an sa na'urar gidan farko ne ga wanda bai dace ba.

A nan wurinmu ga waɗanda ba a ko tunanin LMA a kansu, kowace iri ce: fashewar hanji ta taifot, murɗewar hanji, gwaiwar da ta shaƙe, mai amai, mai ciki da ta wuce watanni na farko, da wanda ya faɗo daga babur. Shi na ƙarshen nan a kula, ana ƙirga awannin ne daga cin abinci zuwa lokacin haɗarin, domin zafin ciwo da allurar kashe zafi mai ƙarfi suna tsayar da tumbi. Duk waɗannan tub ne, da shigar da barci cikin gaggawa.

Sai tambayar azumi. Idan ka ce "ya ci abinci?" za a ce maka bai ci komai ba, alhali ya sha koko ko kunu da asuba, ko fura da nono a hanya, ko jiƙon da aka ɗura masa a gida. A kira su ɗaya bayan ɗaya da sunansu, kuma a tambayi mai jinya dabam. Koko da kunu da fura duk abinci ne, awa 6. Nonon uwa awa 4. Ruwa zalla awa 2. Mai cin goro a duba kumatunsa da fitila, ana samun tauna a ɓoye a nan.

Ɗalibi_Rano: Ranku ya daɗe, ina da tambaya. A makaranta da allurar barci ta furofofol ake koya mana sawa. Inda za a tura mu kuwa allurar ketamin ce da iskar halotan da ake shaƙa, wani lokaci allurar tayofenton. Nau'in na'urar yana da tasiri a nan, ko duk ɗaya ne?

Baba_Anas: Tambayar nan ta fi ta farko muhimmanci. Furofofol, miligiram 2 zuwa 2.5 a kowane kilo ga babba mai ƙarfi, yana kwantar da motsin maƙogwaro ya saki muƙamuƙi, shi ya sa LMA ke shiga salin-alin. Tsoho ko wanda ya bushe ko ya zubar da jini a rage sosai, a bayar a hankali, domin yana kayar da hawan jini. Tayofenton yana sa barci amma ya bar maƙogwaro a farke. Ketamin ya fi shi ma: muƙamuƙi a ɗaure, yawu yana zuba, haɗiya tana nan. Ka tura kowace na'ura a wannan hali, i-gel ce ko Classic, za ka sha tari da riƙe numfashi, ko igiyoyin murya su rufe ruf.

Idan ba furofofol, a fara da ketamin miligiram 1 zuwa 2 a kilo bayan an ba da atirofin don yawu, sannan a zurfafa da halotan ta abin rufe fuska na 'yan mintuna, ido a kan bugun zuciya domin halotan yana rage shi. Gwajin mai sauƙi ne: sa yatsu a bayan kusurwar muƙamuƙi ka turo shi gaba da ƙarfi. Idan ya motsa ko ya yamutsa fuska, lokaci bai yi ba.

Idan igiyoyin sun rufe, za ka ji ƙara mai kaifi a shaƙar numfashi, ko shiru gaba ɗaya, ƙirji yana faɗawa ciki yana tashi. Ka ce wa likita ya ɗaga hannu, ka rufe komai ka bar oksijin zalla, ka turo muƙamuƙi, ka riƙe ɗan matsi a jaka. Idan na'urar ce ke tsokana ko akwai majina, cire ta ka zuƙe. Bai saki ba, furofofol wajen 0.5 a kilo idan akwai. Oksimita, ma'aunin oksijin na jini, tana sauka, sai suksametoniyam, allurar sassauta tsoka, kada a jira. Idan jijiya ta ɓace, miligiram 4 a kilo a tsoka. Yaro a haɗa masa da atirofin 0.02 a kilo. Suksametoniyam da atirofin su kasance a zuƙe cikin sirinji kafin a fara kowane aiki da LMA.

Dr_Dutse: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Zan ƙara a kan kof, domin a nan ake cutar da mutane ba a sani ba. Lambobin da ke jikin Classic, mil 20 a lamba 3, mil 30 a lamba 4, mil 40 a lamba 5, iyaka ce da ba a wucewa. Mutane sun mayar da ita adadin da ake hurawa. Idan ka zuba duka, matsin cikin kof yakan wuce santimita 60 na ruwa da aka ƙayyade, nesa ba kusa ba. Kof ɗin ya sandare kamar ƙwallon da aka cika wa iska, ya daina bin siffar maƙogwaro, yoyo ya ƙaru, mai aiki kuma ya ƙara iska. Sakamakon shi ne ciwon maƙogwaro, wahalar haɗiya, dushewar murya, wani lokaci mutuwar gefen harshe saboda an danne jijiya.

A fara da rabin iyakar, a saurara a wuya da bakin, a ƙara mil biyu-biyu har yoyo ya tsaya. Idan an kusa iyaka yana yoyo, ko zaman bai yi ba, ko lambar ta yi ƙanƙanta, ko barci bai yi zurfi ba. Taɓa ɗan balan-balan na waje da yatsa ba ya auna komai. Wanda ba shi da ma'aunin kof ya ciro agogon abin awon hawan jini na hannu, ya haɗa da famfo mai baki uku da sirinji. Santimita 60 na ruwa daidai yake da kusan 44 a wannan agogon. Masu amfani da iskar barci ta naitiros su riƙa sake aunawa, domin yana ratsa silikon ya ƙara kumbura kof a tsakiyar aiki.

Sista_Bahaɗejiya: To kun gani. Duk wannan dogon bayani na Dakta babu shi a i-gel.

Dr_Dutse: Haka ne Sista, amma ribar tana tafe da asararta. Idan i-gel ta yi yoyo ba ki da abin ƙarawa. Sai dai ki ɗan janyo ki sake turawa tare da turo muƙamuƙi, ko ki canza lamba. Ke nan dole lambobi biyu su kasance a kusa ga kowane majiyyaci, kuma wadda aka buɗe ta tafi. Dogon mutum siriri mai kilo 55 ya faɗa tsakanin 3 da 4, sau da yawa 4 ce ke zauna masa.

Ɗan_Bichi: Ba wanda ya tsaya wa ProSeal, alhali ita kaɗai ce a jerin nan ta haɗa abu biyun da ake ta jayayya a kai: tana wankuwa, kuma tana da bututun ciki. Matsalarta wuyar sawa. Kof ɗinta babba ne mai laushi, bakinsa yakan naɗe baya a ƙofar maƙogwaro. Idan ya naɗe, bututun cikin ya toshe, kana ganin kana da kariya alhali babu.

Maganinsa buji, wato siririyar sandar roba mai lanƙwasuwa. A shafa masa K-Y, a zura miƙaƙƙen kansa ta bututun ciki har ya leƙo. Da abin leƙa maƙogwaro a ɗaga harshe kaɗan, a sa bujin cikin maƙoshi da gangan, santimita 5 zuwa 10, ana kallo, ba da ƙarfi ba. Sai a zuro na'urar a kansa. Bakinta ba shi da inda zai je sai inda ya dace.

Bayan an sa, gwaji uku. Ɗora ɗigon K-Y a bakin bututun ciki ka matsa jaka: idan ya yi tsalle ya fita, na'urar ba ta nutsa ba, iska tana zagayowa. Danna ramin da ke saman ƙashin ƙirji: ɗigon ya riƙa motsi sama da ƙasa, alamar bakin yana wurinsa bai naɗe ba. Sannan zura tiyon ciki, lamba 16 tana wucewa a ProSeal 4, alhali i-gel 3 da 4 lamba 12 kawai suke ɗauka. Ruwa mai kauri ba ya bin lamba 12 da sauƙi.

Ɗan_Kazaure: Wanda zai iya wannan duka ai zai iya sa tub. A ina ribar take?

Ɗan_Bichi: Ribar a wajen farkawa take, da rashin buƙatar maganin sassauta tsoka. Wurin da ba injin numfashi, mutum ya yi ta numfashi da kansa a kan ProSeal, kai kana tallafa masa da jaka idan ya yi rauni, ya fi a shanye masa jiki a kwana ana matsawa. Mai hawan jini da mai asma ma sun fi samun sauƙi.

Dr_Dutse: Mu zo kan tiyatar haihuwa, domin a nan zaɓin nan ke raba rai da mutuwa. Allurar kashin baya ce ta farko. Idan dole sai barci, tub ne. Amma ranar da aka leƙa ba a ga komai ba fa? Mai ciki oksijin ɗinta na sauka cikin gaggawa, mai jijjiga kuma maƙogwaronta a kumbure yake, taɓawa kaɗan sai jini. Ƙa'idar da ƙungiyoyin masu sa barci na Birtaniya, OAA da DAS, suka fitar a 2015 ta ce gwajin tub sau biyu, na uku sai idan wani wanda ya fi ƙwarewa ya zo. Daga nan a furta da baki cewa tub ya gagara, a koma na'urar gida na biyu, gwaji bai wuce biyu ba. Mai danna maƙogwaro ya saki hannu lokacin da ake turawa, domin dannawar tana toshe daidai inda bakin na'urar zai zauna. Wannan ake mantawa, sai a ce na'ura ta ƙi shiga.

A wannan minti ni i-gel ko Supreme zan so hannu ya tarar, domin ba lokacin neman buji da gwaje-gwaje ba ne. Don haka ko me aka saya na yau da kullum, a ware lamba 3 da 4 na gida na biyu a akwati dabam, a rubuta a kai, kada a taɓa su don gwaiwa. Kuma kada a ce za a zura tub a makance ta cikin i-gel. Lamba 4 tana ɗaukar tub 7.0, gaskiya ne, amma da kyamarar leƙe aka tsara hakan. A makance yakan tafi maƙoshi, ya kuma tumɓuke abin da ke riƙe da ran. Wata irin LMA mai suna Fastrach ce aka ƙera don wannan, da nata tub na musamman.

Likitan_Ƙauye: Dakta, saura tambayar da ƙa'idar ta bar wa mai aiki: a ci gaba ko a tashe ta? Idan uwa ce ke zubar da jini, ko mahaifa ta fashe, ba zancen tashi, a ci gaba a kan na'urar, a zuƙe tumbi ta bututun, likita ya rage danna saman ciki wajen fito da jariri, wanda ya fi kowa hannu ya yi aikin. Idan uwa lafiya lau take, na'urar kuma tana yoyo ko oksimita ba ta zauna ba, a tashe ta a yi ta kashin baya. Mai sa barci shi kaɗai ba shi da wanda zai kira, don haka a yanke wannan shawara da likita tun kafin a ba da allura.

Ungozoma_Babura: Ku yi haƙuri in shigo da namu. Jaririn da aka haifa bai yi kuka ba, an matsa jakar numfashi ta Ambu ƙirji ba ya tashi, lamba 1 tana da amfani a hannun ungozoma?

Baba_Anas: Tana da shi, 'yata, ga jaririn da ya kai kilo 2. An gwada i-gel a hannun ungozomomi a asibitin Mulago na Uganda, aka buga sakamakon a 2020. Ba ta fi abin rufe fuska rage mutuwa ko lahanin ƙwaƙwalwa ba, amma an ga ungozoma na iya sa ta lafiya. Don haka ba ta maye gurbin Ambu da abin rufe fuska ba. A fara gyara kai ya daidaita, ba a lanƙwasa wuyan jariri baya sosai, a gyara riƙo, a turo muƙamuƙi, a zuƙe idan an ga abin da ya toshe. Ƙirji bai tashi ba bayan wannan, sai a sa ta. i-gel lamba 1 ba ta da ramin ciki. A riƙe ta da hannu koyaushe, ƙananan lambobi da motsi kaɗan suke gocewa.

Nas_Ringim: Na gode ƙwarai. Abin da nake shirin rubutawa yanzu: Classic lamba 2, 2.5, 3 da 4 don gajerun ayyukan waɗanda suka yi azumi, i-gel 3 da 4 a akwatin gaggawa, lamba 1 a ɗakin haihuwa. Akwai gyara?

Ɗan_Bichi: Akwai. Idan za a kashe kuɗi a kan mai wankuwa, me zai sa a sayi wadda ba ta da bututun ciki? Jama'ar da Likitan_Ƙauye ya ce ba a gama sanin azuminsu ba su ne za a sa wa. ProSeal 3 da 4 a madadin Classic.

Sista_Bahaɗejiya: Ni kuma ban yarda a ɓoye i-gel a akwati ba a taɓa ta sai ranar tashin hankali. Hannun da bai saba da abu ba, ba ya iya shi da ƙarfe biyun dare. A riƙa sa ta lokaci-lokaci a ayyukan da aka tsara, kuma a duba ranar lalacewa, a kiyaye kwalin daga rana da ƙurar hunturu.

MaiSito_Gwarzo: Kowa ya faɗi nasa, amma jerin ya rasa K-Y, filasta, buroshi da tiyon ciki lamba 12. Na'ura tana zuwa, waɗannan ba sa zuwa, sai a koma shafa man da bai dace ba. Mai na silikon yana lalata Classic, mai lidoken kuma yana kashe maƙogwaro ya jinkirta dawowar tari.

Likitan_Ƙauye: Ni kafin duk waɗannan zan tambaya: sakshan ɗin, injin zuƙe majina, yana ja idan an ɗauke wuta? Akwai na ƙafa? Teburin yana sunkuyar da kai? Oksimita tana da caji? Idan ruwa ya bayyana a bututu, kai ƙasa, a juya gefe, a zuƙe, oksijin zalla, a zurfafa barci, a shirya tub. Babu nau'in LMA da zai yi maka wannan.

Ɗalibi_Rano: Wajen cirewa fa? Wasu na cewa a zuƙe iskar duka, wasu na cewa a bari.

Baba_Anas: Babba a bar shi har ya buɗe baki da kansa idan an kira sunansa. Kada a yi ta jijjiga shi ko zura sakshan can ciki yana tsakanin barci da farke, nan ne igiyoyi ke rufewa. Kof a bar shi da 'yar iska, yana kwaso majinar da ta taru a samansa ya fito da ita. Classic ba ta da wurin cizo, don haka a naɗe goz mai kauri a sa tsakanin turamen haƙori tun farko, a bar jelarsa a waje. Guedel, lanƙwasasshen bututun roba na baki, ba ya zama daidai tare da ita. Saurayi mai ƙarfi idan ya datse bututu ya ja numfashi a kan toshewa, ruwa na iya taruwa a huhunsa, ka ga kumfa mai ja-ja tana fitowa. Idan ya ciza, zuƙe iskar kof nan take don iska ta samu hanya ta gefe.

Dr_Dutse: A ƙara da waɗanda na'urar ba za ta cece su ba, don kada a dogara da akwatin a fara abin da ba za a iya gamawa ba. Bakin da ba ya buɗuwa yatsu biyu, kamar mai kumburin haƙori da ya sauka ƙarƙashin haɓa ko tsohon tabon cutar noma mai cin kumatu, ba inda za ta bi. Maƙoƙon da ya danne hanyar iska kuma toshewar tana ƙasa da inda take zama. Waɗannan a tura su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko wata babbar cibiya tun suna numfashi da kansu. Mai cikakken gemu da tsohon da ba haƙori kuwa, waɗanda abin rufe fuska ba ya kama su, a ajiye lambarsu a buɗe kusa da kai kafin a fara.

Ɗan_Kazaure: Malam Ɗan_Bichi, ProSeal ta yara fa, lamba 2 da 2.5, ita ma da buji ake sa ta? Kuma wane tiyon ciki ke wucewa? Yawancin aikin yaranmu gwaiwa ce da gyaran kaciyar da ta ɓaci, kuma da hunturu rabinsu da mura suke zuwa.